Na Je Japan Ɗauko Yayan Balkisu

Waɗanda ke ɗakin ranar da aka yanke maganar tafiyar nan su ne ni Ladi, da 'yata Balkisu, da mijinta Usmanu, da maƙwabciyata Hajiya Kaltume wadda iyayenta suka shigo ta Cadi, sai Alhaji Mudi, aminin marigayi maigidana, mai shagon dardumai da tasbaha a ƙasan gidanmu a unguwar Misfala ta Makka. Na ambace su ne don wanda ya ga kamar na ƙara gishiri ya je ya tambaye su, duk suna nan da ransu. Tun da na dawo ƙofata ba ta huta ba. Wannan ta ce da gaske ɗanyen kifi suke ci, waccan ta ce wai an gan ni a talabijin riƙe da fure. Na gaji da maimaitawa. Ni ban shiga aji ba, don haka na zaunar da Balkisu, ina faɗa tana rubutawa, kowa ya ji sau ɗaya a huta.

Yayan Balkisu shi ne ɗana na fari. Ba na kiran sunansa, ba na yaba shi a gaban mutane, haka na tarar uwata na yi da yayana. A nan Makka aka haife shi, a filayen ƙura na Ka'akiyya ya koyi ƙwallo, inda samari ke gasa da azumi. Da yake ba ɗan ƙasa ba ne, babu babbar ƙungiyar da ta dube shi a lokacin. Ya tafi Kano wurin kawunsa, daga can ƙwallo ta dinga jan sa ƙasa ƙasa har ta ajiye shi a wani ƙaramin gari a bakin teku a Japan. Ya daɗe a can, har furfura ta fara tsiro masa a gemu.

To ranar nan ya bugo waya, Balkisu ta buɗe muryar kowa na ji. Ya ce gwiwarsa ta gama, zai ajiye ƙwallo, kuma ƙungiyarsu na so uwarsa ta zo wasansa na ƙarshe. Na san akwai saura, tun yana goye na san halinsa.

Na ce, "Faɗi sauran."

Ya ce, "Umma, tsohon kocina yana so in zauna in koyi horar da 'yan wasa a hannunsa."

Alhaji Mudi ya gyara zama. Ya ce shi ƙafa ta fara ba shi wahala, yana neman wanda zai zauna masa a shago, kuma ya riga ya yi magana da kafilinsa, ɗan ƙasar da ke tsaya masa, kan takardar aiki da iƙama, wato izinin zama. Amma mutumin ba zai jira har abada ba, kafin azumi yake son amsa.

Na ce, "Alhaji, riƙe masa kujerar. Zan je in ɗauko shi, ko a kafaɗa ne."

Kaltume ta kwashe da dariya. "Ke da ko Ɗa'ifa ba kya zuwa don sanyi? Japan fa aka ce, Hajiya, ba Jidda ba."

Na ce, "Ko bayan Japan ne. Ƙwallo ta ci ƙuruciyarsa, ba za ta ci tsufansa ba."

Usmanu ya yi zirga-zirgar takardu, na fita da dawowa da na biza, aka ce Balkisu ta raka ni tunda ta yi aiki a otal ta tsinci Turanci. Shi ya kai mu filin jirgin Jidda a motarsa. Da muka wuce shingen da ke bakin haramin Makka na juya na dubi baya, na yi addu'a Allah ya sa mu dawo mu uku.

Jirgi ba sabon abu ba ne a wurina, amma wannan zama ya wuce misali. Muka sauka a wata ƙasa muka canza, muka sake ɗagawa. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Rana ta rikice mini, na kasa gane azahar ce ko la'asar, na dinga tambayar Balkisu har ta ce, "Ya Ummi, halas, mu matafiya ne, mu haɗa mu yi ƙasaru." Na ce na san hukuncin tun ba a haife ta ba, lokacin nake tambaya.

A filin jirginsu aka fara yi mini ba daidai ba. Muna jiran kaya sai ga wata mace da kaki tana jan ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa. Ya wuce jakar kowa, ya zo ya zauna a gaban tawa kamar an aiko shi. Na ɗaga mayafina na ja da baya, na ce wa Balkisu ta gaya wa matar ta janye abinta kafin ya sa baki. Ashe kilishin da na sa aka yi wa yaron ya shinshino. Suka kai mu gefe, suka buɗe jakar da safar hannu, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu ko busasshe ne. Na ce kilishi ne, ba nama ba ne irin wanda suke nufi. Balkisu ta ƙi fassarawa. Mutumin ya ɗauke shi da hannu biyu, yana sunkuyawa yana ba da haƙuri, har sai da na ji kamar ni ce na ƙwace masa abu. A jawazat ɗinmu, wurin jami'an shige da fice, idan za a karɓe maka kaya ba a haɗa maka da ladabi, ka san inda za ka ajiye fushinka. Nan kuwa na rasa wanda zan yi wa faɗa. Dabino da garin kunu da yaji da 'yar jarkar Zamzam dai suka tsira.

Yayan Balkisu na tsaye a bakin fita. Ya rame, yana ɗan jan ƙafar hagu, yana ɓoyewa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya tashi, mutane na kallo. Abin da na fara sa wa ido shi ne ko ya koyi ruku'un nan da suke yi wa juna. Na ga idan an sunkuya masa sai ya dafa ƙirji ya ɗan rusunar da kai kawai, su ma sun saba da hakan. Wannan na ajiye a raina.

Daga nan jirgin ƙasa. Mutane cike, amma tsit kamar ana sauraron huɗuba. Na ce wa Balkisu ta miƙo mini dabino, sai na ga kawuna sun ɗago. Yayanta ya raɗa mini cewa a nan ba a ɗaga murya a jirgi. Na ce ban ɗaga ba, muryata ce haka. Ya ce, "Na sani, Umma." Wanda ya saba da motar Misfala bayan sallar Juma'a, inda Baturke da Bangali da Bahaushe kowa ke ihu da yarensa, shirun nan sai ya sa masa ciwon kai.

Masaukin da aka kama mana na wata tsohuwa ne, ɗakin babu gado, tabarma ce shimfiɗe bango zuwa bango, da yamma a fito da katifa daga cikin bango. Balkisu ta ɓata rai, ni kuwa na ji daɗi, haka muka kwana a gidan ubana. Takalma ne suka ba ni wahala. Akwai na shiga gida, akwai na banɗaki daban. Na fito da na banɗakin har tsakiyar ɗaki, tsohuwar ta gani ta dafe baki kamar na shigo da mushe. Da aka yi mini bayani na ce gaskiyarta, ni ma da a ɗakina aka yi haka sai an wanke tabarma. Shi kuwa banɗakin maɓallai ne da shi kamar gaban mota. Na danna ɗaya ya fara kiɗa, na danna wani ya yi abin da ba zan faɗa ba. Na aika a nemo mini buta, aka rasa, aka kawo mini abin ban ruwan fure. Da shi na yi alwala har na baro ƙasar.

Abu ɗaya ya taɓa ni. Da zan yi salla na tsaya ban san inda zan fuskanta ba. Ni da nake buɗe taga in hango hasumiyar agogo ta bakin Harami, yau sai da waya ta nuna mini alƙibla. A kusurwar ɗakin yaron kuwa, da na je dubawa, na tarar tabarmar ta lotsa daidai inda goshi ke sauka. Wannan ma na ajiye.

Sai aka ce tsohon kocin ya gayyace mu cin abinci a gidansa. Kantoku suke kiransa, haka 'yan ƙwallon can ke kiran mai horar da su, sunan ya bi shi har bayan ya bar aikin. Ni na ƙara masa Malam. Na tafi da shirin faɗa, don a raina shi ne mutumin da ke son riƙe mini ɗa.

Gajere ne, kansa fari fat, yana tafiya yana ɗan karkata. Bai miƙo mini hannu ba, an gaya masa. Matarsa ta ja ni har kicin ta nuna mini tukunya da wuƙa da faranti sababbi, takardar kanti ma ba a gama ɓare ta ba. Ta saye su ne don kada a dafa mana a abin da alade ko giya ya taɓa. Kifi ta gasa, da shinkafa mai danƙo babu mai babu gishiri, da wata miya mai ɗanɗanon daddawa. Ɗanyen kifin ma an kawo, yankakke kamar za a yi ado da shi. Na ce a mayar da nawa kan wuta. Na fito da yajina na barbaɗa, Malam Kantoku ya nuna yana so. Na gargaɗe shi, bai ji ba. Ya ci, hawaye suka zubo, ya share, ya sake miƙo farantinsa.

Da aka gama na ce wa yaron ya je mota ya ɗauko dabinon da na kawo musu, kuma kada ya yi sauri. Ba na son ya zama shi ne mai fassara maganar da za a yi a kansa. Da yake Malam Kantoku yana ɗan jin Turanci, na ce wa Balkisu ta faɗi abin da na faɗa daidai, kada ta sa masa zuma.

Na ce, "Kai ma ƙwallon ka buga?"

Ya ce ya buga, a baya yake tsayawa, mai tare hanya. Bai yi suna ba sai a yankinsu. An taɓa kiran sa sansanin 'yan wasan ƙasa, ya je ya dawo ba a sa shi ko sau ɗaya ba. Idon sawunsa ne ya karye, ya warke a karkace, ya bari.

"Daga nan fa?"

Ya zama koci. Ya fara da yara, ya hau har ya riƙe manya.

"Me ya raba ka da aikin?"

Ya ce, "Kora ta aka yi. Sau biyu."

Balkisu ta dube ni, ta zaci zan ji kunya in sauya magana. Na ce ta tambaye shi laifin da ya yi.

Ya ce na farko ƙungiyar ta faɗa rukunin ƙasa a hannunsa. Ranar, bayan an tashi, ya je ya tsaya a gaban magoya baya, kansa a ƙasa, suna zagin sa, bai motsa ba har sai da na ƙarshensu ya gaji ya tafi. Na ce me ya hana shi shigewa ɗaki ya rufe ƙofa. Ya ce idan ya shige, yaran za a zaga, alhali shi ya zaɓe su, shi ya tsara su. Na biyu kuwa ya ce babu wani dogon labari, sabon shugaba ne ya zo da nasa mutumin. Bayan nan gidan talabijin na yankin ya ɗauke shi sharhin wasa, yana zaune a sama yana gaya wa mutane abin da idonsu ya gani amma ba su lura ba. Yana kuma koyar da masu son zama koci. A ƙungiyarsa ta ƙarshe ya ɗauko yaron nan, tun bai iya ko gaisuwarsu ba.

Na ce, "To aikin da aka kore ka sau biyu, shi kake so ka sa mini ɗa?"

Ya ce, "Shi ne. Kuma shi ma za a kore shi, babu kocin da ba a kora. Tsara wasa ya riga ya iya, ba ni na koya masa ba. Abin da zan koya masa shi ne yadda mutum ke tashi washegarin korar ya sa takalmi."

Na zauna ina kallon sa. Na yi shekaru ina ganin dillalan aiki a Makka, waɗanda ke cika wa yaro kunne da alkawari a kawo shi a jefar a gini. Duk wanda zai cuce ka da daɗin baki yake farawa. Wannan ko ƙwayar alkawari bai yi mini ba. Matarsa ce ma ta sa baki, ta ce akwai shekarar da aiki ya kai shi Jidda, ya ɗauki tasi ya nufi Makka don ya gaishe ni, bai san ba a shiga ba. Direba ya tsaya inda hanya ta rabu, ya nuna masa allon da aka rubuta Musulmi kaɗai ke wucewa. Sai ya sauka ya tsaya a bakin titi ya fuskanci garin ya rusuna, ya koma. Bai taɓa gaya wa yaron ba.

Duk da haka na ce, "Da ni zai tafi. Akwai kujera tana jiran sa, da iƙama, da Harami a ƙofar gida."

Ya ce, "Ɗanki ne."

Sai ya kawo wata maganar. A al'adarsu, ranar da ɗan wasa ya ajiye ƙwallo, bayan an tashi ana tsayar da shi a tsakiyar fili, uwarsa ko matarsa ta fito ta miƙa masa fure a gaban jama'a, ta ce masa ya yi ƙoƙari. Don haka aka gayyato ni.

Na ce, "Wannan kuma ba da ni ba. Balkisu ta kai."

Ya tambayi dalili. Balkisu ta sha wahala kafin ta fahimtar da shi cewa ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi, ba don ba ta so ba. Sai ya ce shi ma nasa mahaifin bai taɓa ce masa sannu ba a kan ƙwallo, amma ranar da ya bari ya hango shi tsaye can bakin ƙofar fili da hularsa a hannu. Ya ce ba dole, yadda na ga dama.

Ranar wasan sanyi ya sauko irin wanda ke shiga ƙashi. Don tsufana aka hau da ni ɗakin gilashi a saman filin, inda Malam Kantoku ke sharhi, aka ba ni kujera a bayansa aka roƙe ni in yi shiru. Kafin ya zauna ya cire hula ya rusuna wa filin, ya gaida mai share ɗakin da sunansa. Yana sa abin magana a kunne sai ya zama wani mutum. Muryar nan mai sanyi ta gidansa ta tashi, tana gudu tana tsayawa tare da ƙwallon. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na san lokacin da yake yabo da lokacin da yake faɗa.

Ni ban taɓa zama na kalli ƙwallo ba. A ganina guje-guje ne na marasa aikin yi. Sai bayan hutun rabin lokaci aka sa yaron. Jama'a suka miƙe. Na ga yana jan ƙafar, na ce a raina ga abin da nake faɗa.

To amma ido na gare ni, kuma daga sama ake ganin komai. Bai fi kowa gudu ba, kusan ma ya fi kowa nauyi. Sai dai bakinsa da hannunsa ba su huta ba. Ya nuna nan, wani ya matsa. Ya ɗaga hannu, mutum huɗu suka tako gaba a tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Wani yaro ya yi kuskure ya tsaya yana dafe kai, ya je ya ɗago shi ta wuyan riga ya juya shi ya fuskanci wasa. Na san irin wannan. Na ga masu jagorar alhazai a cikin cunkoson ɗawafi, akwai wanda ke ihu ayarinsa na watsewa, akwai wanda zai ɗaga yatsa kawai tsofaffi hamsin su bi shi su fita lafiya. Ba koya ake yi ba, Allah ke ba mutum. Na tuna kujerar Alhaji Mudi, 'yar ƙarama ta roba, tsakanin tulin dardumai, inda mutum ke wuni yana cewa alhaji zo ka duba.

Can wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren ya zo da gudu ya wuce shi kamar yana tsaye. Na ji Malam Kantoku ya ambaci sunansa da kakkausar murya, irin wadda ya yi wa sauran da suka yi kuskure, bai rage masa komai ba. Ƙwallon dai ba ta shiga ba, wani yaro ya tare. Da aka tashi, muna saukowa, na ce Balkisu ta tambaye shi abin da ya faɗa a wurin. Ya ce ya gaya wa masu kallo ƙafar ta makara, shi ya sa yau ce ranarsa ta ƙarshe. Amma su lura, tun kafin a wuce shi ya riga ya tura yaron can ya tsaya inda ƙwallon za ta bi.

Aka shimfiɗa wani jan kyalle a tsakiyar fili. Yaron ya tsaya shi kaɗai, 'yan wasa sun yi layi a bayansa. Wata ma'aikaciya ta kawo furen, dami guda, ta miƙa wa Balkisu.

Na ce, "Ba ni nan."

Ta ce, "Ummi?"

Na ce, "Ba ni, na ce. Ki biyo ni, ki kira mini Malam Kantoku."

Kada wata ta ce zuciyata ce ta karye. Lissafi na yi. Idan za a ba da amanar mutum, a gaban shaidu ake bayarwa, kuma ban taɓa samun shaidu masu yawan waɗannan ba.

Na taka ciyawar nan da kumburarrun ƙafafuna, furen a hannu kamar na riƙo tsintsiya. Da na isa ban dubi fuskarsa ba. Na ce, "Karɓi, hannuna ya gaji." Ya karɓa da hannu biyu. Na ce, "Ba Malam hannunka." Ya ba shi. Na ce, "Yanzu ka fassara, kada ka rage ko ɗaya."

Na ce wa Malam Kantoku ga shi nan na bar masa. Lokacin salla a sake shi, ranar Juma'a a sake shi. Duk shekara ya zo ya yi Umra in gan shi da idona. Idan kuma ya ga ba zai iya aikin ba, kada ya rufe shi da daɗin baki shekaru su tafi, ya gaya masa gaskiya ya turo mini shi. Yaron ya fara fassarawa, ya kai tsakiya ya tsaya. Na ce, "Ƙarasa mana, mutane na jira." Ya ƙarasa. Malam Kantoku ya saki hannunsa, ya rusuna mini ya daɗe bai ɗago ba. Ni na dafa ƙirji.

Sai ya karɓi lasifika ya yi wa jama'a magana, gajeriya. Filin ya yi tsit. Daga can ɓangaren masu ganguna wani ya ɗaga murya ya kira sunan yaron, sai gaba ɗaya suka ɗauka, maza da mata da yara, suna kira suna tafi, suna sakewa. Na tambayi Balkisu me ke faruwa, ta ce ita ma ba ta sani ba. Daga baya yayanta ya gaya mata. Cewa Malam Kantoku ya yi, wannan baiwar Allah ta taso daga Makka, kuma a al'adar mutanenta uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda girman da yake da shi a wurinta, don haka su kira mata.

Na tsaya ina kallon ciyawa har suka gama. Sunan mahaifina ne. Ban taɓa jin sa a bakin mutane da yawa haka ba.

Ban ankara ba sai ga 'yan wasan sun rufe shi, sun ɗaga shi suna jefawa sama suna cafewa. Nan fa na manta da shirun ƙasar, na ce, "Kai! Gwiwarsa! Ku sauke shi, marasa hankali!" Aka ce wannan ma ya fita a talabijin.

Dawowa ba ta da labari, sai dai matar Malam Kantoku ta cika mana jaka da kyauta, kowace a naɗe kamar ba za a buɗe ba, ni kuma na bar mata sauran yajin. Usmanu ya tarbe mu a Jidda, ya dubi bayanmu, bai yi tambaya ba. Muka iso Misfala da la'asar. Kaltume na bakin ƙofa, ita ba ta iya shiru ba.

"Hajiya, ina wanda aka je ɗaukowa a kafaɗa?"

Na ce, "Yana wurin aiki. Matsa in wuce, ƙafata ciwo take."

Washegari na yi asuba a Harami, na zauna har rana ta fito, sannan na biyo ta shagon Alhaji Mudi yana ɗaga ƙofa. Muka gaisa, ya yi mini barka da hanya. Na ce ya gaya wa kafilinsa ya daina jira, ya nemi wani ya ba shi kujerar, Allah ya saka masa da alheri.

Ya ce, "Hajiya, kin yi tunani kuwa? Irin wannan dama ba ta dawowa. Aikin nan nasu fa an ce korar mutum ake yi."

Na ce, "Za a kore shi. An riga an gaya mini."

"To ranar fa?"

"Ranar sai ya kwana, gari ya waye ya sa takalmi."

Ya dube ni ya girgiza kai. Na nuna masa saman tulin na ce ya sauko mini da darduma mai kauri, wadda ta fi kowace kauri a shagon, ya naɗe ta da kyau Usmanu zai kai a aika. Ƙasar can sanyi gare ta, kuma mai gwiwa ɗaya zai yi sujada a kai.